Sarkin Mabuɗai da Linzaman da Ya Kulle

Allah ya yi wata baiwa, ya ajiye ta a hawa na biyu, bayan tebur mai gilashi. Ita ce Sarkin Mabuɗai, jami'in kwamfuta na wata ma'aikata, mutumin da bai taɓa zubar da girmansa ya danna tambarin manhaja ba. Shi adireshi yake rubutawa, irin na shafin intanet, mai ɗigo biyu da karkatattun sanduna, sai manhaja ta buɗe da kanta. Manhajojin da yake ji da su kuwa ya ɗaura su a maɓallai: yatsu uku, sai ga su.

"Linzamin kwamfuta sandar makaho ne," in ji shi. "Ni da na'ura hira muke yi."

Saboda tsananin tausayin ma'aikata, ya share tamburan daga kowace kwamfuta, ya kwashe linzamai ya kulle a durowa. Tun daga ranar, mai son rubuta wasiƙa sai ya hau bene da gaisuwa, a sauko a buɗe masa. Inna mai buga takardu, wadda ta shekara ashirin da shida a bakin aiki, ta ce, "To, ranka ya daɗe," ta ci gaba da aikinta.

Ana nan aka kawo sabuwar darakta, ta ce tana neman shugaban sashe. Gogan ya daɗe yana auna kujerar da ido. Ya tara jama'a, ya jona kwamfutarsa da babban allo, ya gyara zaman tabarau.

"Ranki ya daɗe, kafin ki ƙifta ido rahoton shekara ya bayyana. Ko maɓallan ba zan kalla ba."

Bai kalla ba kuwa. Sabo turken wawa: yatsun suka tafi inda suka fi zuwa kullum. Sai ga wasan karta ya cika allo, da kiɗansa, yana taya gwani murnar cin wasa na dubu huɗu.

Nan aka gano cewa ilimin Sarki na buɗewa ne, bai kai babin rufewa ba. Ya sake dannawa, karta ta biyu ta fito. Ya laluba aljihu, ashe makullin durowa na cikin wandon jiya. Gumi ya wanke tabarau.

Inna ta buɗe jakarta, ta zaro tsohon linzamin da take aiki da shi a ɓoye tun bara. Ta jona, ta danna sau biyu, allo ya yi tas.

Kujera dai ta tafi wurin Inna. Sarki ma bai tashi a tutar babu ba, an naɗa shi mai rabon linzamai. Kullum da safe yakan sauko bene da kwali a hannu, ya tsaya bakin ƙofarta da gaisuwa, yana jira a buɗe masa.