Irin Kankanar Tsoho Matniyoz

Chilla ta kai tsakiya, kwanakin zafin nan arba'in da ko jaki ba ya yarda ya bar inuwa. Lokacin ne tsofaffin yankin Khorezm ke shiga yashi mai zafi saboda ciwon gwiwa. Anorgul ta binne kakanta Matniyoz har wuya, ta kafa masa laima, ta zauna da butar shayi. Shekara uku tana roƙonsa irin kankanarsa, wanda ko 'ya'yansa bai nuna wa maɓoyarsa ba. Ga tsohon ya haura tamanin, tana tsoron ya tafi da abinsa.

"Sannu da hutawa, Kaka. Ya sabon gida?"

"Gidanku! Ba ni shayi, mai ƙafar tsinke."

"Ka dahu tukuna. Tsohon nama sai da wuta."

"Ke har kin san wuta? Yaran yanzu kuna ta chilla, chilla, ba ku san mafarinta ba."

"Arba'in take nufi. A makaranta aka koya mana."

"Makarantar banza! Wa ya sa ta zama arba'in? Da can kwana goma rana take yi ta wuce. Kakana ne ya tare ta a bakin gona, ya ce ba inda za ta sai kankanarsa ta yi zaƙi. Ta ce ashirin, ya ce hamsin, aka shirya a arba'in."

"Oho, ashe gidanmu ne ya jawo wa duniya wannan azaba! To shi irin, wa ya bar wa? Babanka?"

"Wane Baba! Ai irin nan ba ya bin ɗa, tsallake yake yi. Ni ya damƙa wa, jikansa."

Anorgul ta ajiye buta a hankali.

"Jikansa, ka ce? To ni wace ce, maƙwabciya?"

Tsoho ya so ya juya mata baya, yashi ya hana. Sai ya fashe da dariya har yashin ƙirjinsa ya tsage.

"Kin kama ni, 'yar nema! Yana cikin tsohon takalmina na hagu, bayan murhun burodi."

"Takalmi? Shi ya sa ɓarayi suka ƙyale shi!"

Ta hau tone yashin da hannu bibbiyu, tana dariya, hawaye na zuba.

"A hankali mana!" in ji shi. "Iri na ba ki, gwiwar har yanzu tawa ce."