Rasuwar Mai Zare, Ƙwallon Gilashin Yaya Barmo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa, ni Faruƙ na unguwar Mount Hope, ƙanen Yaya Barmo, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan Bronx da na gida rasuwar Mai Zare, ƙwallon gilashin gidanmu, irin wanda yaran nan suke kira mabul. Ya rasu ranar Lahadi da hantsi a kan teburin kicin, bayan gajeriyar jinya da ta samo asali daga kwalliyar Sallah. Ya bar duniya yana da shekara ɗari da 'yan kai, in masana ba su yi mini ƙarya ba.

Mai dariya ya yi, ban hana kowa ba. Amma don Allah ya karanta zuwa ƙarshe tukuna.

An haifi marigayin a ƙasar Jamus, a hannun wani mai aikin gilashi da ba mu san sunansa ba. Ba inji ne ya tofo shi ba. Yanko shi aka yi daga sandar gilashi tana da zafi, shi ya sa yake da cibiya biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, 'yan wurare masu kaushi da masu tara irin waɗannan ƙwallaye suke dubawa tun kafin su amsa maka sallama. Girmansa bai kai ƙwan tantabara ba. A cikinsa akwai farin zare a murɗe kamar raga, ja da shuɗi sun yi masa ɗamara. Yadda ya ƙetare teku ya iso Kano, wannan sai Allah. Mu dai a Fagge muka gan shi, a hannun ɗan wani Kwara, Balarabe mai kanti, ranar da Yaya Barmo ya durƙusa a ƙasa, ya rufe ido ɗaya, ya harbe shi daga nesa ya cinye. Harbin nan ya ɓantare masa gefe kaɗan, kuma da wannan tabo ya rayu.

Marigayin ya kasance mai haƙuri da juriya. Ya sha tsintsiyar Inna bai yi ƙorafi ba. Ya faɗa kwata an tsamo shi. A cikin safa ya shigo Amurka, a aljihun Yaya, ba biza ba fasfo. Ya yi shekaru a cikin tasin Yaya yana zaga garin nan, sanyi da zafi, bai taɓa neman hutu ba. Magana ɗaya gare shi. In aka gangara shi a kan tire, sai ya ce gurrr-tak, gurrr-tak, kamar mai ɗingishi yana sauri ya sami jam'i. Wannan tak ɗin tabonsa ne yake dukan ƙarfe.

Ni ban taɓa iya harba shi ba. Babban yatsana sai ya zame, ƙwallo ya faɗi a gabana. Shi ya sa Yaya ya laƙaba mini suna Dungu, kuma duk duniya shi kaɗai yake kira na haka.

Babban aikin marigayin a ƙarshen rayuwarsa ya yi shi. Waɗanda suka san mu sun san ciwon mantuwa ya kama Yaya Barmo. Mutumin da ya san kowane lungu na New York ya wayi gari bai san hanyar banɗaki ba. Turanci ya tafi, sunan matarsa marigayiya ya tafi, daga baya ni ma na tafi. Shi ya ɗauko ni daga Kano, shi ya aurar da ni, amma sai in shiga ɗakinsa a gidan kula da tsofaffi na Soundview ya tashi zaune ya gaishe ni da ladabi, gaisuwar baƙo. Wata Lahadi, don rashin abin yi, na kwashe kwanonin abinci daga tire na gangara Mai Zare a kai. Gurrr-tak. Yaya ya ɗaga kai, ya dube ni tsakiyar ido.

"Dungu, kai ne? Har yanzu ba ka iya ba?"

Wallahi nas ce ta riƙe ni a ranar. Daga nan kowace Lahadi sai mu je mu uku, ni da tire da marigayi. Ba ya daɗewa, kafin shayi ya huce an sake rufe ƙofar tunaninsa. Amma a ɗan tsakanin nan ina da yaya. Yakan zage ni, yakan tambaye ni Inna, in ce masa tana lafiya tana gaishe shi.

Saboda marigayin ne na kamu da ciwon tara ƙwallayen gilashi. Na bi kasuwannin 'yan gwanjo da madubin ƙara girma da 'yar tocila, ina leƙa gwangwanayen tsofaffin Turawa, har na iya bambance aikin hannu da na inji. A can na haɗu da Abdul-Samed, mutumin zangon Kumasi, wanda yake gyaran waya a wajen Fordham Road, a bayan shagonsa kuma yana da injin goge ƙwallaye. Ka kai masa wanda ya sha duniya, duk kurji, ya dawo maka da shi kamar yau aka yi shi.

Ga yadda ciwon ajali ya shigo. Matata Zalia ba ta yarda Sallah ta riski wani abu a gidanta da tsohuwar kama. Labule sabo, butar alwala sabuwa, har shimfiɗar bakin ƙofa. A ƙarshen azumin bana ta sa aka ɗinka wa Yaya shadda, ta saya masa hula, sai idonta ya faɗa kan marigayin.

"Baban Khairunnisa, kowa ya yi sabo, shi wannan bawan Allah haka zai je gaida Yaya, duk jiki kurji? Haba, ai da kunya."

Na ji maganar ta zauna mini. Na san masu tarawa ba sa son gogaggen ƙwallo, amma ni ba sayarwa zan yi ba, ina ruwana da su. Abin da na hango shi ne Yaya ya gan shi fes, yadda ya fara ganinsa a hannun ɗan Kwara, wataƙila ƙofar ta ƙara buɗewa. Na ɗauka ido ne yake gane shi. Ni da madubina da tocilata, duk shekarun nan kallonsa nake yi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina me Yaya yake ji ba.

Abdul-Samed ya yi aiki tsakaninsa da Allah. Ya goge, ya sake gogewa, ya dawo mini da shi a cikin auduga yana washe baki. Tabo babu, cibiya babu, ya ɗan rame amma yana walƙiya. Zalia ta yi guɗa a falo.

Ranar Sallah muka je dukanmu. Yaya ya sha shadda, an karya masa hula. Na aza tire a cinyarsa, na saki Mai Zare. Ya tafi sumul, ya dawo sumul, shiii, kamar an zuba mai. Na sake. Na karkata tiren, na sake. Yaya ya bi shi da ido, ya yi murmushi.

"Abin wasan ɗanka ne, Malam? Yana da kyau. Allah ya raya. Wa kake nema?"

An yi jinya iyakar iyawa. Na riƙa ƙwanƙwasa farce a ƙarƙashin tire daidai inda tak ya kamata ya fito, Yaya bai ko waiga ba. Na manna masa ƙwayar yashi da gam, sai ya koma yana ƙarar amalanke. Na kwaso duk masu tabo da ke cikin tarina na gwada su ɗaya bayan ɗaya, ashe kowane da muryarsa. 'Yata Khairunnisa ta tono wani tsohon bidiyo a wayarta, amma ƙarar talabijin ɗin maƙwabcin gadon Yaya ta danne komai. Na koma wa Abdul-Samed, ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Ei, Massa, abin da inji ya ci ya zama gari, ina zan samo maka shi?" Har hawaye ya yi.

Ranar Lahadin nan da ta wuce, kafin lokacin ziyara, na ce tunda harbi ne ya ba shi murya, bari in mayar masa da tabonsa. Na naɗe shi a tawul, na auna gefen da nake zaton nan ne, na ɗora ƙusa, na ɗauki guduma na taɓa a hankali. Tsohon gilashi ne. Maganarsa ta ƙarshe ita ce ƙas, ya rabe gida biyu.

Marigayin ya rasu ya bar tsohon abokin aikinsa, tiren silba mai hoton furanni, wanda yanzu ba ya iya komai sai ɗaukar kwano. Ya bar safar da ta shigo da shi ƙasar nan. Ya bar 'yan uwa cike da kwalabe uku, yawancinsu haihuwar inji ne, kyawawa, lafiyayyu, ba wanda zai iya gadonsa. Ya bar Zalia, wadda tun ranar Sallah ba ta haɗa ido da ni, ko da yake na faɗa mata ba ita ta riƙe guduma ba. Ya bar Yaya Barmo, wanda bai san an yi rasuwa ba, kuma ba za a faɗa masa ba.

Game da jana'iza, na tuntuɓi limaminmu, ya ce ba a yi wa gilashi salla, na kuma yarda da shi. Za a haɗa ɓari biyun a mayar da su cikin safarsu, a binne a tukunyar na'a-na'a da ke bakin tagar kicin, ranar Lahadi mai zuwa bayan azahar, don ƙasar da muka mallaka a New York ke nan. Babu zaman makoki. Masu zuwa gaisuwa su sani lifta ta lalace, hawa na biyar ne. Ana roƙon kada kowa ya zo da ƙwallo a aljihu, kada kuma a ce mini ai za a sami wani. Wanda yake ganin gilashi ne kawai ya yi zamansa a gida, na yafe masa.

Da an rufe shi zan wanke hannu, in ɗauki tire da abinci in hau bas zuwa Soundview yadda na saba, ni kaɗai, ba na bukatar rakiya. Yaya zai tashi zaune ya gaishe ni, ya ce, Malam, wa kake nema. Zan ce masa yayana nake nema. Na san abin da zai ce, don ya faɗa mini makon jiya: in zauna in jira, wataƙila ya kusa dawowa.