Rasuwar Firintarmu ta Bakin Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu jajaye waɗanda ba kuka ne ya rina su ba, nake sanar da rasuwar tsohuwar firintar ofishinmu. Ranar Litinin da hantsi na zo wucewa na ga 'yar koriyar fitilarta a mace. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya leƙa, ya mayar da murfin a hankali.

Marigayiya ta yi doguwar jinya. Da tari ta fara, ƙirrr, ƙwas, ƙwas, daga baya ta koma tauna takarda.

Ba mai sauri ba ce, kuma ta sha zagi a kan haka. Oga ma ya taɓa kai mata duka. Amma nawar nan tata ita ke ɗaga mu daga gaban kwamfuta. Kana tsaye kana jiranta, dole ka kalli waje: bishiyar ƙetaren titi, tankin ruwa can nesa. Ido ya ƙifta, ya huta. Ashe magani take ba mu. Tun rasuwarta ba mai tashi daga kujera. La'asar na yi akantan ofis zai dafe goshi, mai teburin bakin ƙofa ya hau ɗiga maganin ido da ba likita ya rubuta masa ba, ni kuma haruffa su zama mini biyu-biyu. Kowa ya ɗora wa fanka laifi.

Ta rasu ta bar wayar wuta, da kwalin tawada da ba a fasa ba, da mu. Amma babbar marainiyarta ita ce Anti, mai duba rahotanni kafin su fita, wadda ta koya mini aiki. Teburina yana bayan nata, don haka na daɗe da lura cewa rubutun allon kwamfuta ya daina karantuwa gare ta. Sai ta ƙara wa haruffa girma, ta buga, ta karanta a hasken taga. Ana tsokanarta da Gara, wai ita ke cinye takardar ofis, tana taya su dariya. Asibiti kuwa ta ƙi zuwa, tana tsoron a ce ta gaza, ga yara a makaranta.

Oga ya ce ba za a sayi wata ba, komai a allo za a duba. Na ga Anti ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashi, ruwa na bin kumatunta. Jiya rahoton da ta duba ya dawo cike da kurakurai, abin da bai taɓa faruwa ba. Oga ya kira ta, ya rufe ƙofa.

Za a yi wa marigayiya rakiya gobe bayan azahar, daga ƙarƙashin bene zuwa baron mai sayen tsofaffin ƙarafa. A madadin zaman makoki, iyalai na roƙon kowa ya riƙa ɗaga kai daga allo yana kallon nesa, wanda idonsa ke zafi kuma ya ga likita.

Kada a jira Anti. Ɗazu da yamma, muna duƙe a kan aiki, ta kashe kwamfutarta, ta sa kofin shayinta da sallayarta a jaka. Ta laluba hannun ƙofa ta fita, ba ta yi wa kowa sallama ba.