Ambasadan Teku

Duk Kafanchan babu wanda ya san teku kamar Oga Dickson Andrawus. Ofishinsu ya tura shi taron bita a Kalaba, ya hango ruwan ta gilashin mota, ya dawo da sabon taku da sabon gyaran murya. Tun daga nan bakinsa ya daina cewa kifi, sai "abincin teku". 'Yan unguwa suka naɗa shi Ambasadan Teku, ya karɓi sarautar hannu bibbiyu.

Abu ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin Zumuntar Maza ta ikilisiyarsu. Zaɓe ranar Lahadi ne, abokin takararsa kuwa maƙwabcinsa Yafet, manomin citta wanda bai taɓa ganin ruwan da ya fi rafi ba. Saboda haka ran Talata da yamma Ambasada ya gayyaci Fasto da dattawa su ɗanɗana wayewar da ke jiran su. Ya sa aka kawo masa jatan lande daga Abuja cikin ƙanƙara.

Matarsa Afiniki ta riga ta ɗora gwaten acca. Ya ce ta kwashe tukunyarta ta ƙarasa a maƙwabta, kada ƙauyanci ya shiga hancin baƙi. Ya fito da murhun gas da kasko tsakar gida, ya ɗaura tawul a ƙugu.

"Jama'a, abin da ya hana mu ci gaba shi ne daɗewa a bakin murhu. A Kalaba, kafin mace ta yanka albasa an gama wannan. Tafarnuwa, bota, barkono, shi ke nan. Ni cikina ya saba, da shi nake karyawa."

Baba Azariya, babban dattijo, ya gyara tabarau ya leƙa kaskon.

"Yarona, ba kirafish ba ne wannan? Don me ba su bari ya bushe ba?"

Ambasada ya yi murmushin tausayi. "Baba, ko dangi ba su haɗa ba."

A faɗi gaskiya, abin ya nuna da wuri, ya kuma yi ƙamshi. Sai dai baƙi suna kallon faranti, faranti yana kallon su da ƙananan baƙaƙen idanu. Domin ya koya musu, Ambasada ya cika baki, ya tauna har da ɓawo da gashin baki, sannan ya miƙe ya soma jawabin neman ƙuri'a.

Ya kai "idan kun ba ni dama" leɓensa ya fara ƙaiƙayi. Kafin ya kai "ci gaba" leɓen ya riga shi ci gaba. Idanu suka shige ciki. Jarumin bai fasa ba, sai dai abin da ke fitowa ya koma "bu-bu-bu".

Afiniki ta shigo ɗaukar ludayi, ta dubi kaskon, ta dubi mijinta.

"Wayyo Yesu! Baban Doreen, ba kai ne mamarka ta hana ni sa maka kirafish a miya tun ranar aurenmu ba?"

Yafet ne ya goya shi a mashin zuwa asibiti. Dattawa kuwa suka aika a dawo da tukunyar gwate, suka share ta tas.

Ranar Lahadi Ambasada ya zauna a bencin gaba, leɓe ya sauka, yana sauraron a kira sunansa. Aka kuwa kira. Bayan an taya sabon shugaba Yafet murna, Fasto ya ce ikilisiya ta sunkuyar da kai, a yi addu'a domin ɗan'uwa Dickson, wanda kirafish ya kayar.