Ranar da Na Mayar da Baffa Sule Sawakin

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da shekarar da na naɗa kaina mai hoto. Farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne, ina saurayi, ina taya Babana tsaron shagonsa na tasbaha da turare a unguwar Utaibiyya. A Makka aka haife ni. Kakana ne ya tako daga ƙasar Hausa ya zauna. Wata rana na shiga haraj, wato kasuwar gwanjo, neman fitila, sai na fito da kyamara. Daga ranar ban ƙara zama daidai ba. Da ita nake zuwa shago, tana rataye a wuyana nake cin abinci (har mahaifiyata ta ce in na tashi aure ita za a kai wa lefe). Abin da ban bari kowa ya sani ba shi ne, duk hotunan da na taɓa ɗauka a duniya ba su wuce akuyar maƙwabcinmu da ƙofar shagonmu ba, ita ma ƙofar rabi ta fito.

A hajjin shekarar ne Baffa Sule ya sauka a gidanmu. Ɗan'uwan Babana ne ta wajen kaka, daga wani gari a ƙasar Kano, dattijo mai sanyin magana wanda ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Yana da wani tabo da ya daɗe yana ɗauke da shi. Shekaru masu yawa kafin nan ya taɓa fitowa hajji ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, yana tafe yana aikin gonar auduga, har ya kai Sawakin, garin da ke bakin Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan, inda alhazai ke shiga jirgin ruwa su tsallako. A nan ciwo ya kwantar da shi, jirgi ya tashi ya bar shi. Da ya warke guzuri ya ƙare, sai ya juya gida. Mutanen garinsu suka tarye shi da guɗa ana Alhaji ya dawo, kafin ya buɗe baki ya yi bayani an riga an yanka rago. Da gaskiya ta fito ba a janye sunan ba, wutsiya aka ƙara masa: Alhajin Sawakin. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin haka suka taso suna kiransa.

Wannan karon a jirgin sama ya zo, ya yi aikinsa cif, ya je Madina ya dawo. Ana shirin komawa, muna shan shayi a tsakar gida, ya dubi Babana ya ce, "Malam, ni fa tsaraba ba ta dame ni ba. Hoto nake so. Wanda in na ajiye shi a zaure bakin kowa zai mutu."

Babana ya ce, "To haƙorin Makka fa? Ba ya isa shaida?"

"Wane haƙori? Yanzu har a Fagge ana sakawa."

A zamanin ba a ɗaga kyamara kusa da Harami, kafin ka ƙifta ido askar, wato ɗan sanda, ya karɓe ta. Don haka alhazai a Jidda suke ɗaukar hoto, lokacin da suke zaman jiran jirgi. A bakin sansanin alhazai akwai wani Bayamane da ke kafa labule mai zanen Harami, ka tsaya a gaba da tasbaha a hannu, ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya wanke maka nan take a cikin akwatinsa. Na san labulen nan, kuma na raina shi. Fentin ya koɗe, hasumiyoyin wata ta fi wata ƙiba, sararin saman kuwa shuɗi ne irin na bula.

Na gyara zaman kyamarata a ƙirji na ce, "Haba Baffa! Ka yi hajjin gaskiya, sannan ka je ka tsaya gaban zanen ƙarya? Ni zan kai ka Jidda da kaina, in nemo maka wuraren da ido bai taɓa gani ba."

Babana ya dube ni ta saman kofin shayi. "Ya waladi, ka taɓa ɗaukar mutum ya fito?"

"Abuya, ka bar ni da shi kawai."

Baffa ya yi murmushi ya ce ai ɗa na gida ya fi bare. (Da na san inda wannan amana za ta kai shi, da na ce kyamarar ta lalace.)

Muka isa Jidda tare da ayarinsu. Washegari na tarar da shi a layin Bayamanen nan, wata 'yar garinsu mai suna Hajiya Dije ta kama masa wuri. Hajiya Dije irin matan nan ne da in sun yi raɗa ana ji a layi na gaba, kuma wannan ne hajjinta na biyu, na farkon ta ƙasa ta zo. Na kama hannun Baffa na fitar da shi daga layi, ina faɗa da Larabci, da ƙarfi yadda mai labulen zai ji, cewa mu ba ma ɗaukar hoto da tsumma.

Gaskiyar magana, ni kaina ban san Jidda ba. Iyakata da ita rakiyar Babana sarin kaya, daga tasha zuwa kanti, daga kanti zuwa tasha. Amma na shige gaba ina nuna hanya da yatsa, Baffa na biye da ni cikin sabuwar farar jallabiya, da laima da tasbaha, gumi na tsiyaya. Wanda bai san zafin Jidda ba ya ɗauka na Makka ne zafi. Na Jidda jiƙa mutum yake yi tun bai motsa ba.

Muka faɗa cikin tsohon gari. Nan na ga abin da ya tsayar da ni: dogayen gidaje na dutsen teku, hawa kan hawa, da manyan tagogin katako masu sassaƙa da suka turo kai kan titi. Na ce yauwa, ga wuri. Na tsayar da Baffa a gindin wani, na ja da baya, na durƙusa, na ga bai yi ba, na kwanta rub da ciki a tsakiyar lungu don gidan ya fito har sama. Jakin mai ruwa ya zo ya tsaya a kaina yana jira in gama fasaha.

Baffa ya ɗaga kai ya dubi tagogin, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ɗana, wurin nan fa..."

"Ya yi kyau ko, Baffa? Ai na gaya maka. Daina motsi."

Ya daina motsi.

Daga nan na ce sai teku. Muka nufi tashar manyan jirage, askar ya koro mu tun daga ƙofa, har yana tambayata wa ya aiko ni. Muka bi ta kasuwar kifi, inda takalmin Baffa ya kwashi abin da ya kwasa, muka yi ta bin gaɓa har muka samu wani wuri shiru da jiragen katako masu filafilai suke ɗaure. Ruwa shuɗi shar, rana ta karkata, tsuntsaye na shawagi. Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin kyan wurin nan.

Baffa ya tsaya a bakin ruwan, sai na ga idonsa ya ciko. Na ce a raina, ka ga aikin masu ido, har dattijo na sa kuka. Ya share fuska da gefen rawani ya ce, a hankali, "To ɗana, masallacin fa? Ba zai fito ba?"

Na ce, "Baffa, duk wanda ya ga wannan tekun ya san ƙasa mai tsarki ka zo. Ɗan ɗaga haɓa."

Ya ɗaga haɓa. Mutum ne da ba ya iya musu da ɗan mai masaukinsa.

Na kai fim wani kanti aka wanke, na karɓo da safiyar ranar da za su tashi. Abin da ya fi ba ni haushi har gobe shi ne, hotunan sun yi kyau. Karon farko a rayuwata komai ya fito tsaf, sassaƙar tagogi, igiyoyin jirage, har ƙwayoyin tasbahar Baffa ana gani. Da sun lalace da na tsira.

Na shiga sansani na tarar an ɗaure kaya, alhazai na zaune kan akwatuna da gwangwanayen zamzam ana jiran motocin filin jirgi. Mai hankali zai ja Baffa gefe ya miƙa masa abinsa. Ni kuwa sai na tsaya a tsakiya na ɗaga murya: "Jama'a, ku matso ku ga yadda ake hoto!"

Aka matso. Hotuna suka shiga hannu, ana ta masha Allah, ni kuma ina tsaye ina gyaɗa kai ina bayanin haske da inuwa. Har suka isa hannun Hajiya Dije. Ta miƙar da hannu nesa da fuskarta, ta ƙanƙance ido, ta juya hoton, ta sake juyo shi.

"La'ilaha illallahu! Malam Sule, ashe da ka ɗau hoto a Sawakin, shi ne ka ɓoye mana duk shekarun nan?"

Na yi dariyar masu ilimi na ce, "Hajiya, Jidda ce. Nan bayanku kaɗan."

"Kai yaro, rufe mana baki! Ni za ka gaya wa Sawakin? A gindin tagar nan na soya ƙosai har na gaji da jiran jirgi. Ga ma inda nake kafa murhuna."

Wani tsoho da shi ma ta ƙasa ya taɓa zuwa ya karɓi na bakin teku, ya duba, ya ce babu shakka, ga ma jirgin da ya tsallako da su, ya gane shi da filafilansa. Wani daga baya ya ce amma fa Malam Sule ya tsufa da wuri, tun a wancan lokacin gemunsa fari fat. Hajiya Dije ta ce wahalar hanya ce, ba ka san Sawakin ba.

Sansani ya kwashe da dariya. Ni dai a ranar na fara sanin cewa tsohuwar Jidda da Sawakin kamar wa da ƙane suke: teku ɗaya, dutse ɗaya, magina iri ɗaya, tagogi iri ɗaya. Ni da na tashi ina jin sunan Sawakin a bakin tsofaffi, na ɗauka wani fili ne na rairayi da bukkoki. Na zaga da bawan Allah gari guda cikin rana, na tsince masa duk wani lungu da ya yi kama da inda ya fi tsana a duniya, na kuma wanke masa shaida da hannuna.

Na juya na dubi Baffa. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce, "Na so in gaya maka, ɗana. Ka ce in daina motsi."

Dariyar mutane ba ta yi mini zafi kamar wannan maganar ba. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na kuma ji tausayinsa ya kama ni, don na san gobe war haka Hajiya Dije tana gida, kuma labarin zai riga akwatinta shiga gari.

Motoci suka fara shigowa. Na ja hannun Baffa muka ruga bakin ƙofa. Bayamanen ya riga ya naɗe labulensa, kasuwa ta tashi, sandunan da yake kafa shi da su ma an tafi da su a amalanke. Na shiga roƙo, ya ammi, wato kawu, don Allah, don Annabi. Ya dubi fuskata, ya dubi kyamarar da ke wuyana, ya gane ni sarai.

"Tsumman kake so?"

"Shi nake so, ya ammi."

"Ba sanda. In kana so, yalla, hau ka riƙe."

Haka na hau kan akwatin wani alhaji, na ware hannuwa, na ɗaga labulen nan sama, ni a bayansa ba na ganin komai sai ƙura, ga warin fenti. Iskar teku ta taso tana kaɗa shi yana marina a fuska. Alhazan da na tara ɗazu don su ga yadda ake hoto duk suka biyo mu, suka kuwa gani. Muryar Hajiya Dije kawai nake ji: "Ɗaga hagu, mai hoto, hasumiya za ta faɗi! Kai, ka cika rawar jiki. Daina motsi!"

Aka ɗauka, aka wanke, direba na ta danna ƙaho. Hoton ya fito dishi-dishi, masallacin ya ɗan jirkice, a can sama kuma ga yatsuna jere a bakin labule. Hajiya Dije ta karɓa ta duba, ta sauke ajiyar zuciya ta ce, "To, yanzu na ga hajji. Allah ya karɓa, Alhaji Sule." Ta tsaya a nan, ba ta ƙara komai a bayan sunan ba.

Baffa ya naɗe hoton a hankici ya cusa a aljihun ƙirji. Nawa kuwa, masu kyan, ya tattara su ya danƙa mini, ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana, ka yi ƙoƙari. Amma ka ajiye su a nan. Kada ko ɗaya ya biyo ni gida."

Da alhazan garinsu suka zo a shekara ta gaba, na tambaye su labarinsa. Suka ce hoton na rataye a zaurensa, har daga ƙauyuka ake zuwa kallo, kuma tsohon sunan ya mutu. Gardama ɗaya ta rage a garin: waɗansu abubuwa ne jere a saman masallacin da ba a gane ba, amma yawancin mutane sun tsaya a kan tantabarun Harami ne. Na ce lallai tantabaru ne, ni shaida ne, ina wurin.

Na ci gaba da ɗaukar hoto shekaru da yawa bayan nan, har na ɗan iya. Amma tun daga ranar, in mutum ya ce in ɗauke shi, ba na fara duba inda rana take. Sai na tambaye shi tukuna: wa za ka nuna wa?