Sarkin Latsi Ya Yi Wa Kwamfutar Surukinsa Shara

"Kwamfuta? Ai ni in na shigo ɗaki, gyara zama take yi!"

Haka Sarkin Latsi ya faɗa a falon surukinsa, yana kaɗa makullin babur. Kar sarautar nan ta ruɗe ka, ɗan'uwa, shi ya naɗa kansa. Caja da murfin waya yake sayarwa a bakin titi, amma in ya buɗe baki sai ka rantse da shi aka yi shawara kafin a ƙirƙiro lantarki.

Matsalar ba wata babba ba ce. Ƙanwar matarsa da ke aure a nesa ta haihu, ta turo bidiyon jaririn. Tsoho ya ƙosa ya ga jikansa, kwamfutar kuwa ta ce cikinta ya cika, babu wurin saukewa.

"Baban yara, ka bari a kai wa mai gyara mana," in ji matarsa ƙasa-ƙasa.

"Mai gyara? Ina raye?"

Dama ya daɗe yana jiran ranar da surukin nan zai daina yi masa kallon tulu marar ruwa. Ya naɗe hannun riga, ya kutsa can cikin hanjin kwamfutar, inda fayilolin da ke tafiyar da ita suke zaune lafiya da sunayensu na haruffa da lambobi.

"Baba, kai ka ajiye wannan?"

"A'a."

"Wannan fa?"

"Ban taɓa ganinsa ba."

"To ka gani! 'Yan zaman kashe wando ne, su suka cinye maka wuri."

Ya tattara su ya latsa gogewa. Kwamfutar, baiwar Allah, ta fito da gargaɗi cewa da waɗannan take aiki.

"Ji min rashin kunya! Da ni za ki yi gardama?"

Ta nemi izinin mai ita. Ya ce ai sirikin gida ɗan gida ne, ya ba kansa izini. Wanda ya ƙi goguwa ya tsallake shi ya cafki na kusa da shi. Can ya ci karo da wani ƙato, ajiyar ko-ta-kwana da ake farfaɗo da kwamfuta da ita in ta suma.

"Wannan kam kar ka taɓa," matar ta roƙe shi.

"Matsoraci ke ko-ta-kwana," ya ce, ya aika shi kwandon shara, ya zazzage kwandon.

Sauti ya ɗauke. Ya ce sauƙi ta samu, shi ya sa ta daina surutu. 'Yan hotunan da ke kan allo suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce tsafta ke nan.

"Yanzu sai a kashe a kunna, Baba. Shirya idonka."

Aka kashe lafiya lau. Kunnawar ce ta gagara. Fankar cikinta ta yi ɗan gurnani ta yi shiru, allo ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Gwanin naka ya latsa nan, ya latsa can, ya zare caja ya mayar, ya ɗaga ta ya hura mata iska, har da ɗan jijjigawa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Wallahi ni kaina na tausaya masa, amma kaɗan.

"Hutawa take yi," ya ce.

Matarsa ta rufe fuska da gyale. Tsoho ya ɗauko tabarau ya goge, ya saka, ya matso kusa da kafaɗar sirikin nasa, ya ƙura wa baƙin gilashin ido. Babu jika, babu dalilinsa. Fuskar Sarkin Latsi kaɗai ke ciki, baki a buɗe.

"Malam, ka yi aiki, Allah ya yi albarka," in ji tsoho. "Amma ka manta ɗaya. Ga wani ƙato nan a tsakiya, mai hula da gumi, ya cika wuri ba ya tsinana komai. Ina ake latsawa?"