Rasuwar Buroshi, Ɗan Jelar Goɗiyar Kaka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannu duk fenti, ni Tumursukh mai zane nake sanar da rasuwar abokin aikina, Buroshi, wanda ya cika a ɗakin zanena da ke babban birninmu, Ulaanbaatar, bayan doguwar jinyar zubewar gashi.

Marigayin ɗan asali ne. Daga jelar goɗiyar Kaka Tsendee, kakata, aka yanko shi, shekarar da mugun sanyi ya ƙarar mana da dabbobi, muka naɗe tanti muka dawo gefen birni. Ya zana dawakai ba adadi bai taɓa kuskuren ƙafa ba. Bai san gunaguni ba, iyakar maganarsa “shuu, shuu” a kan zane, sai “ƙwal” in an jefa shi kwalba. Ciwo ya kama shi ne tun da na fara sa shi zana dogayen benaye da motocin kwal. Ya yi biyayya, amma kowane bene sai ya ci masa gashi.

Ya bar kwalbar wankansa, da tsumma, da wasu ƙanne na roba 'yan kanti, waɗanda ba su taɓa jin warin doki ba.

Ya kuma bar aiki. Idon Kaka yana dushewa, kuma na yi mata alkawarin za ta sake ganin goɗiyarta a zane kafin ya rufe. An gama kai, an gama ƙafafu, saura jela kawai, marigayin ya ce ga garinku nan. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko na roba zan ƙarasa, Kaka ta buge min hannu.

“Kai, tafi can! Roba a gindin goɗiyata? Duk karatun nan naka ba ka san mai kaya ce ta zo karɓar kayanta ba? Mayar mata da abinta.”

Saboda haka za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a tantin Kaka. Akwai shayi mai madara da gishiri. Ba za a haƙa rami ba. Ragowar gashin marigayin za a manna a jikin zanen, daidai inda aka yanko shi, ƙasa-ƙasa yadda hannun Kaka zai kai. Ta ce in idon ya ƙi, za ta shafa.